Ahmad Madobe da Kismayo: me ya sa Mogadishu ta kasa tumɓuke shi?

Wani mai bibiyar labaran gabashin Afirka ya aiko da wannan tambaya: "Na ji a rediyo cewa sojojin gwamnatin Somaliya sun gwabza da dakarun wata jiha mai suna Jubaland, kuma wai na jihar ne suka yi galaba. Wane ne wannan Ahmad Madobe da ke mulkin jihar? Da gaske ne a da ɗan Al-Shabab ne? Ta yaya shugaban jiha zai gagari gwamnatin tarayya sama da shekara goma? Wasu sun ce Kenya ce kawai ke riƙe da shi."

Malam, bari in fara da maganar Kenya, tunda ita ce kowa ke saurin kawowa. Da hannun Kenya a tashin Madobe, wannan ba abin musu ba ne. Amma ka riƙe wannan: lokacin da Kenya ta fara tunanin kafa wata hukuma a kudancin Somaliya don ta zame mata katanga, ba Madobe ta ɗauko ba. Wani ɗan boko ta ɗauko, tsohon ministan tsaro, Farfesa Muhammad Abdi Gandhi, wanda a 2011 ya shelanta wata jiha mai suna Azaniya. An horar masa da matasa, an ba shi kayan aiki, an yi ta kiransa shugaba a Nairobi. Yau ba mai tuna Azaniya sai masu tone-tonen tarihi. Da goyon bayan Kenya kaɗai na naɗa sarki a Kismayo, da Gandhi ne ke kan kujerar. Abin da Madobe yake da shi wanda farfesan ba shi da shi, shi ne mayaƙan da suka daɗe suna cin wuya tare da shi a daji, da sanin ƙasar taƙi-taƙi, da sanin abokan gaba ciki da bai. Daga baya ya haɗa da abu na huɗu, wanda a ganina ya fi sauran nauyi: tashar jiragen ruwa.

Sai ka san garin kafin ka san mutumin. Kismayo tana bakin Tekun Indiya, kusa da inda kogin Juba ke zuba, wajen kilomita 500 kudu da Mogadishu. Yankin a da ƙarƙashin Turawan Ingila yake a matsayin wani ɓangare na Kenya, sai a 1925 suka miƙa shi ga Italiya. Jubaland ta yau larduna uku ce: Juba ta Ƙasa, inda Kismayo take, Juba ta Tsakiya, da Gedo can arewa a kan iyakar Habasha da Kenya. Ƙasa ce mai ruwa da noma da kiwo, abin da yawancin Somaliya ba ta da shi. Somaliyawa harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, saboda haka idan ka ji ana cewa "ƙabila" a siyasarsu, ana nufin gidan kakanni ne, wato wanda za ku haɗu ku biya diyya tare idan naku ya yi kisa. Gidaje uku daga babban gidan Darod kowanne na cewa Kismayo tasa ce: Ogaden, Marehan da Harti. Ga kuma waɗanda ba a cika tambayar ra'ayinsu ba, irin su Bajuni masunta na tsibirai, da manoman bakin kogi da ake kira Jareer, da Digil da Mirifle. Tun faɗuwar shugaban ƙasa Siyad Barre a 1991 garin ke ta sauya hannu: Kanar Umar Jess, Janar Morgan surukin Siyad Barre, sannan Barre Hirale ɗan Marehan wanda ya riƙe shi daga wajen 1999 zuwa 2006. Duk wanda ya shiga, da bindiga ya shiga, da bindiga kuma aka fitar da shi.

Sunansa na yanka Ahmad Muhammad Islam. Madobe laƙabi ne, daga kalmar Somaliyanci mai nufin baƙi. Ɗan gidan Ogaden ne, gidan da ya bazu a ƙasashe uku: kudancin Somaliya, gabashin Habasha, da arewa maso gabashin Kenya wajen Garissa. Wannan ba ƙaramin jari ba ne. Ministan tsaron Kenya a lokacin da sojojinta suka tsallaka iyaka zuwa Somaliya a 2011, marigayi Yusuf Haji, shi ma ɗan Ogaden ne.

Madobe ya taso ne a inuwar Shaikh Hassan Turki, tsohon jagoran masu jihadi wanda ya kafa sansani a Ras Kamboni, wani ɗan gari a ƙarshen gaɓar teku daf da Kenya. Da Kotunan Musulunci, wato haɗakar kotunan shari'a masu mayaƙa, suka ƙwace Mogadishu a tsakiyar 2006, suka kai Kismayo a watan Satumba, Madobe aka ɗora kan shugabancin garin da kewayensa. Mulkin bai wuce 'yan watanni ba. A ƙarshen Disamba Habasha ta shigo da tankoki, Kotunan suka watse, shugabanninsu suka nufi dajin kudu. A Janairun 2007 jirgin yaƙin Amurka ya yi musu ruwan wuta a can, Madobe ya ji munanan raunuka, ya faɗa hannun sojojin Habasha. Sun yi masa magani, suka kuma tsare shi kusan shekara biyu. Aka sake shi a farkon 2009, daidai lokacin da aka zaɓi tsohon shugaban Kotunan, Shaikh Sharif Shaikh Ahmad, shugaban ƙasa a Jibuti. An ba Madobe kujera a majalisar dokokin da aka faɗaɗa, bai jima ba ya ajiye ta ya koma kudu wurin mayaƙansa. Duk mai nazarin mutumin nan yakan tsaya a kan shekaru biyun nan na tsare. Ya shiga yana maƙiyin Habasha, ya fito yana da mutanen da zai iya kira a Addis Ababa.

To, batun Al-Shabab. Rundunarsa ita ce ta Ras Kamboni, wadda a 2009 ta shiga ƙawancen Hizbul Islam. Su da Al-Shabab abokan tafiya ne, rami ɗaya suka kwana, tare rundunonin biyu suka kori mutanen Barre Hirale daga Kismayo a Agustan 2008. Abin da ya raba su kuwa ba wata mas'alar tauhidi ba ce. An yi yarjejeniyar raba mulkin garin da kuɗin tashar, Al-Shabab ta ci ta hana. A Oktoban 2009 aka gwabza a cikin gari, aka fi ƙarfin Madobe, ya ja da baya zuwa Afmadow, daga nan har bakin iyakar Kenya. A Fabrairun 2010 ubangidansa Hassan Turki ya yi mubaya'a ga Al-Shabab, ya tafi da wani ɓangare na rundunar. Madobe ya ƙi bi. Ya riƙe sunan Ras Kamboni, ya tattara waɗanda suka rage, ya juya bakin bindiga. Saboda haka mai cewa tsohon abokin Al-Shabab ne bai yi ƙarya ba, mai cewa babu wanda suka tsana a kudu kamarsa shi ma bai yi ƙarya ba. Sun sha neman ransa. A Satumban 2013 mota mai bama-bamai ta afka wa ayarinsa a Kismayo, mutane suka mutu, shi ya tsira.

A Oktoban 2011 Kenya ta tura soja cikin Somaliya bayan sace-sacen baƙi a yankinta. Sojan da bai san daji ba dole ya nemi ɗan gari, kuma mutanen Madobe su ne 'yan garin. Aka ɗauki kusan shekara guda ana tafiyar hawainiya, ga damina ga laka. Afmadow ta faɗi a ƙarshen Mayun 2012, sannan ranar 28 ga Satumba sojojin Kenya suka sauka Kismayo ta teku, washegari Al-Shabab ta fice. Da ƙura ta lafa, mayaƙan Ras Kamboni ne a kan tituna, su ne kuma a ƙofar tashar.

Nan ne ya kamata a yi maganar gawayi, don wanda bai fahimci gawayi ba bai fahimci Kismayo ba. Shekara da shekaru ana sare itatuwa a dazukan Juba, a ƙona, a loda a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Larabawa na yankin Gulf, inda ake son sa saboda shisha da gashin nama. Jiragen su dawo da sukari, a yi fasa-ƙwaurinsa zuwa Kenya ta kan iyaka. Al-Shabab ta ci miliyoyin daloli daga harajin wannan ciniki, shi ya sa a Fabrairun 2012 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta fitar da gawayi daga Somaliya. Da aka karɓi garin, sai aka tarar da miliyoyin buhuna jibge. Haramcin na nan a takarda, jirage suka ci gaba da lodi. Masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi ta rubutawa shekara bayan shekara cewa hukumar Madobe da wasu jami'an sojan Kenya na amfana, Kenya kuma ta yi ta musantawa. Abin takaicin shi ne, gawayin kafin ya iso tasha sai ya ratsa shingayen Al-Shabab, su ma su yanki rabonsu. Maƙiya biyu suna harbin juna da rana, suna ci daga akushi ɗaya. Ni dai ban taɓa ganin hujjar da ta wanke shi daga wannan ba.

Ga inda tambayarka ta uku ke samun amsa. Mu da muka saba ganin gwamnoni suna jiran kason wata-wata daga asusun tarayya, mukan ɗauka ko'ina haka abin yake, wanda ke riƙe da lalita shi ke juya kowa. A Somaliya ba haka ba ne. Gwamnatin tarayya tana rayuwa ne da harajin tashar Mogadishu da filin jirginta da tallafin ƙasashen waje. Jihar Puntland tana cin tashar Bosaso. Jubaland tana cin Kismayo. Shugaban da ke biyan sojansa daga aljihun jiharsa, ba ka da igiyar da za ka ja shi da ita. Jihohi irin su Galmudug, Hirshabelle da Kudu maso Yamma ba su da irin wannan kuɗin shiga, shi ya sa Mogadishu ta sha naɗa musu wanda take so. A Disambar 2018, alal misali, da Mukhtar Robow, tsohon jigon Al-Shabab, ya tsaya takarar shugabancin Kudu maso Yamma, kama shi aka yi a Baidoa da taimakon sojojin Habasha, ɗan takarar gwamnati ya wuce. An so a yi wa Kismayo irin wannan, abin bai yiwu ba.

Tun farko ma da rigima aka haifi jihar. Kundin tsarin mulkin wucin gadi na Agustan 2012 ya ce larduna biyu ko fiye za su iya haɗuwa su zama jiha, amma bai fayyace wa zai jagoranci haɗuwar ba. Shugaba Hassan Shaikh Mahmud, a zangonsa na farko, ya ce aikin gwamnatin tarayya ne. Madobe bai jira shi ba. Ya tara dattawa ɗaruruwa a Kismayo, ranar 15 ga Mayun 2013 suka zaɓe shi shugaba. A ranar Barre Hirale ma ya ce shi ne shugaba, wasu ma suka bi sahu, har gari ɗaya ya wayi gari da shugabanni barkatai. A watan Yuni aka raba gardama da harsashi, mutane da dama suka mutu, Hirale ya fice. Sai Habasha ta kira kowa Addis Ababa, a ƙarshen Agusta aka sa hannu: Mogadishu ta amince da hukumar riƙo ta shekara biyu ƙarƙashin Madobe, shi kuma zai miƙa tasha da filin jirgi ga tarayya bayan wata shida, a shigar da mayaƙansa cikin sojan ƙasa. Ya karɓi amincewar. Tashar kuwa har yau tana hannunsa. A Agustan 2015 majalisar jihar ta zaɓe shi shugaba cikakke.

Gwaji mafi tsanani ya zo a zamanin shugaban ƙasa Muhammad Abdullahi Farmajo, wanda ya hau a 2017 da aƙidar ƙarfafa tsakiya. Farmajo ɗan Marehan ne, Gedo kuma gidan Marehan ce. Sannan zuwan Abiy Ahmad a 2018 ya sauya lissafin Habasha, ta daina lallaɓa jihohi ta rungumi Mogadishu. Madobe ya rasa ɗaya daga cikin iyayen gidansa biyu. Gab da zaɓen Agustan 2019 wani jirgin Habasha ya nemi sauka a Kismayo aka hana shi, hukumar jihar ta rufe filin jirgin gaba ɗaya. Ranar 22 ga wata aka yi zaɓe, ya samu ƙuri'a 56 cikin 74. 'Yan hamayya suka yi nasu zaɓen a gefe, Mogadishu ta ce ba ta san da shi ba, ta kuma wajabta wa duk jirgin da zai je Kismayo ya fara sauka a babban birni. Aka kama ministan tsaron Madobe, Abdirashid Janan, wanda ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka daɗe suna zargi da cin zarafin mutane a Gedo. Janan ya tsere daga tsare a Janairun 2020, aka yi ta ba-ta-kashi a garin Beled Hawo na kan iyaka, harsasai har cikin Mandera ta Kenya. A Disambar 2020 Somaliya ta yanke hulɗar jakadanci da Kenya, kuma Jubaland na cikin manyan dalilan. Madobe ya rasa yawancin Gedo a wannan zagaye, amma ya riƙe Kismayo, ya haɗa kai da Sa'id Abdullahi Deni na Puntland suka tsaya wa Farmajo a wuya a kan tsarin zaɓe, har yunƙurinsa na ƙara wa kansa shekara biyu a Afrilun 2021 ya wargaje.

Sai abin dariya, idan da dariya a ciki. A Mayun 2022 Hassan Shaikh ya dawo mulki, kuma Madobe na cikin waɗanda suka share masa hanya. Firaministan da ya naɗa, Hamza Abdi Barre, ɗan Ogaden ne, kuma shi ne ya shugabanci hukumar zaɓen Jubaland da ta shirya zaɓen 2019 ɗin nan da Mogadishu ta ƙi. Kowa ya ce an zama ɗaya. Shekara biyu kacal aka sake komawa gidan jiya. Hassan Shaikh yana son a bar zaɓen wakilan dattawa a koma na kowa da ƙuri'arsa, abin da Somaliya ba ta yi ba tun 1969, da hukumar zaɓe guda ɗaya ta ƙasa. A baki magana ce mai daɗi. Shugabannin jihohi kuwa sun san wanda ya naɗa hukumar zaɓe shi ya ci zaɓe. Madobe ya sa majalisarsa ta gyara kundin jihar ta cire iyakar wa'adi, ya fice daga taron shugabanni a Oktoban 2024, ranar 25 ga Nuwamba aka sake zaɓensa. Hamza Barre da kansa ya fito ya ce zaɓen haramtacce ne. Kotu a Mogadishu ta ba da sammacin kama Madobe, kotu a Kismayo ta rama da sammacin kama shugaban ƙasa, Jubaland ta ce ta dakatar da hulɗa da tarayya.

Faɗan da ka ji a rediyo shi ne ya biyo baya. Gwamnati ta yi ta jigilar sojoji ta sama zuwa Ras Kamboni, cikinsu har da zaratan da Turkiyya ta horar. Duba wurin da suka zaɓa: garin da rundunar mutumin ke amsa sunansa, ga teku a gefe ɗaya, ga iyakar Kenya a baya, babu hanyar kawo ɗauki ta ƙasa. Ranar 11 ga Disamba aka kafsa, cikin yini guda aka gama. Ɗaruruwan sojojin tarayya suka tsallaka Kenya suka miƙa makamansu, wasu suka miƙa wuya ga Jubaland. A wannan rana ɗin Hassan Shaikh yana Ankara yana sasantawa da Abiy kan rikicin yarjejeniyar da Habasha ta ƙulla da yankin Somaliland mai iƙirarin ɓallewa don ta samu hanyar zuwa teku. Rikicin ya koma Gedo, inda a 2025 aka sake faɗa a Beled Hawo, wannan karon Janan yana ɓangaren gwamnatin tarayya. A siyasar Somaliya kada ka yi rantsuwa a kan wanda ke tsaye kusa da wani a hoto.

Idan ka tambaye ni hukuncina a kan shugabancinsa, sai in raba shi biyu, kuma rabon ba daidai ba ne. Kismayo a hannunsa ta samu zaman lafiyar da ba ta gani ba tun 1991. An kai hare-hare, mafi muni shi ne na otal ɗin Asasey a Yulin 2019 inda mutum 26 suka rasu, cikinsu har da 'yar jarida Hodan Nalayeh, amma idan aka gwada da Mogadishu, garin ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. 'Yan gudun hijira da yawa sun dawo daga sansanin Dadaab na Kenya sun zauna a can. Sirrin kuwa hukumar leƙen asirinsa ce. Mutumin da ya zauna da Al-Shabab ya san yadda suke shigo da mutum gari, ya san wa ke auren 'yar wa, ya san ɗan kasuwar da ke kai musu zakka a ɓoye. Sai dai irin wannan tsaro da tsadarsa yake zuwa: ɗan jarida ko ɗan hamayya a Kismayo yana auna kalmominsa kafin ya furta, kuma 'yan majalisar da ke zaɓen shugaba sai sun bi ta hannun hukumar da shugaban ya naɗa. Gidajen da ba Ogaden ba, musamman Marehan da ƙananan gidaje, suna kukan an mai da su 'yan kallo a tasha da muƙamai da filaye.

Babban abin da nake riƙe masa shi ne wannan. A kundin Jubaland, babban birnin jihar ba Kismayo ba ce, Bu'ale ce, a Juba ta Tsakiya. Tun 2013 yake mulki, bai taɓa zama a cikinta ba, domin lardin gaba ɗayansa yana hannun Al-Shabab. Jilib, wadda ta zama tamkar hedikwatarsu, ba ta fi tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai daga fadarsa ba. Masu kare shi suna cewa Mogadishu ce ta hana shi makamai da kuɗi, kuma sojojin Tarayyar Afirka ba sa son fita daga sansani. Akwai gaskiya a ciki. Masu sukarsa suna cewa barin Al-Shabab a bakin ƙofa shi ke sa Kenya da Amurka ba za su iya rabuwa da shi ba, kuma 'yantar da Juba ta Tsakiya zai kawo sababbin dattawa da sababbin ƙuri'u da ba ya iko da su. A wannan ma akwai gaskiya, kuma ni na fi karkata nan. An yi ta shelar za a tafi Jilib, a kama 'yan ƙauyuka a bakin kogi, a ɗauki hotuna, damina ta sauka, a dawo Kismayo.